Sunan kaka cikin tsohuwar jarida

Jawabin da aka gabatar a birnin Maraɗi gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, a kan neman asalin gida cikin tsofaffin jaridu. Ga shi kamar yadda aka karanta shi.

 

A shekara ta 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, ya ci tsohon gari wanda ke kwance cikin fadama. Hukumar Nasara ta tayar da mutane zuwa tudu, ta shata tituna miƙaƙƙu, ta raba filaye, aka gina Maraɗin da ake zaune ciki yau. Unguwanni irin su Bagalam da Limanci da Mokoyo da Ƴandaka sun hau tudu da sunayensu. Babu gidan asalin garin nan da ba shi da labarinsa na wannan shekara: inda aka baro, abin da ruwa ya tafi da shi, wanda ya sami fili bakin hanya da wanda aka tura can ƙurya. Amma a tsayar da saurayi ɗan shekara talatin a tambaye shi wane ne ya karɓi filin gidansu, kakansa ko ƙanen kakansa, sai ya ce a tambayi tsohuwa. Tsohuwar kuwa an kai ta makwancinta bara.

Ba don sha'awar tarihi kaɗai mutane ke wannan tambaya ba. Galibi gado ne ya tayar da ita, ko rigimar gona, ko takarar sarauta. Tun da aka kafa dokar tsarin karkara a watan Maris na 1993, aka soma neman kowa ya kawo hujjar gonarsa, kuma duk mai neman sarautar kanto ko ta gari sai ya nuna cewa daga gidan sarautar ya fito. Idan bakin da ya san zancen ya rufe, sai a juya ga takarda, takardar da ta fi sauƙin samu kuwa ita ce jarida. Jarida tana da amfani ƙwarai a wannan aiki, amma shaida ce guda ɗaya cikin shaidu, kuma shaida ce mai ubangida. Wanda bai tambayi wane ne ubangidanta ba kafin ya gaskata ta, zai koma gida da labarin da ya fi jahilcinsa na farko muni.

A fara da wadda mutane ba su ɗauka jarida ba, alhali ta fi duka yawan sunaye, wato jaridar hukuma, wadda ake kira Journal officiel. A zamanin mulkin mallaka akwai ta Afirka ta Yamma ta Faransa baki ɗaya, wadda ake bugawa a Senegal, daga baya Nijar ta sami tata, kuma Jamhuriya ta ci gaba da ita. Ba ta da daɗin karatu, babu labari a cikinta sai dokoki da hukunce-hukunce. Sai dai duk wanda ya taɓa cin albashin gwamnati ya bar sawu a ciki: mushen lakwal, akawu, tafinta, malamin asibiti, ma'aikacin gidan waya. Ranar da aka ɗauke shi aiki tana nan, da ranar da aka ƙara masa girma, da garin da aka mayar da shi, da horon da aka yi masa in ya yi laifi, har zuwa fansho. Naɗin sarakunan kanto da tuɓe su ma ta nan ake sanar da su. Ma'aikacin da ya zauna ya bi sunan kakansa shekara bayan shekara zai ga mutumin yana tafiya a gabansa, daga Tasawa zuwa Gure, daga Gure zuwa Filinge, daga can ya dawo Maraɗi. A nan ne sau da yawa ake gane dalilin da ya sa gida ke da ƴan uwa a garin da ba wanda ya san abin da ya kai su: shekara uku tsohon ya yi can yana aiki, ya yi aure, ya haihu, aka sake masa wuri.

Ɗan kasuwa ba ya samun wannan gata. Gyaɗar da ta gina Maraɗi ta bi ta hannun ƴan gari, su ne suka shiga ƙauyuka da kuɗin kamfani suna awo, amma sunan da ke kan takarda na CFAO ne ko SCOA, ko na Baturen da ke riƙe da kantin. Sai daga baya, musamman bayan an kafa SONARA a 1962, da kuma lokacin da alhazai suka soma kafa kamfanoni da sunansu suna yi wa filayensu rajista, sunayensu suka soma fitowa a shafin sanarwa. Shi ya sa Emmanuel Grégoire, da ya rubuta littafinsa a kan alhazan Maraɗi wanda ya fito a 1986, bai tsaya ga takarda ba, sai da ya zauna da mutanen ya ji daga bakinsu. Jikan ɗan kasuwa kuma kada ya manta da kudu. Gyaɗar Maraɗi ta daɗe tana bin hanyar Kano kafin ta ga teku, kuma mutane da yawa sun tsallaka iyaka suna gudun haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Wanda kakansa ya zauna Katsina ko Kano ko Gusau, ya duba Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya cikin Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Da Hausa take, tana buga wasiƙun masu karatu da sunansu da garinsu, kuma a Kaduna ake neman tsofaffin lambobinta.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani tana da Le Temps du Niger mai fitowa kullum, da Le Niger mai fitowa mako-mako. Da sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, sai Le Sahel ta maye gurbin ta farkon, daga baya Sahel Dimanche ta biyo. Mai neman asali ya wuce shafin farko, inda hoton shugaba yake, ya tafi can baya wajen sanarwa. A nan dukiyar take. Sanarwar ɗaurin aure ta ma'aikatan Nijar ba ta tsayawa ga ango da amarya: sai ta jero gidajen dangin miji a gefe guda, na mata a ɗaya gefen, kowane gida da garuruwan da zuriyarsa take, Yamai, Maraɗi, Tibiri, Kano, Makka. Wanda ya sami irin wannan sanarwa guda biyu ko uku na gidansu, tsakaninsu da shekara goma-goma, ya sami taswirar danginsa wadda dattawan gidan ne da kansu suka tsara ta, har da wanda aka sa a gaba da wanda aka bari a ƙarshe, da wanda aka daina ambata. Akwai kuma sanarwar rasuwa da godiyar ta'aziyya, da jerin waɗanda suka ci jarrabawa, da cigiyar takardar fili da ta ɓata, wadda takan zo da lambar fili da unguwa da sunan mai shi.

Sai dai kafin a yi murnar ganin suna, a tabbata na mutumin ne. Kunnen Bafaranshe ne ya ji sunayen nan, alƙalaminsa ya rubuta. Jiratawa takan fito Djiratawa, takan fito Djirataoua. Tasawa ta zama Tessaoua, Ɗan Kasawa ya zama Dan Kassaoua. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a wannan shafi, Mahamane a wancan, Mamane ko Maman a na gaba. Bahaushe kuma ba ya da sunan zuriya mai wucewa daga kaka zuwa jika yadda Nasara ke da shi: Sule ɗan Garba ya haifi Idi ɗan Sule, Idi ya haifi Musa ɗan Idi, a hawa na uku sunan Garba ya ɓace. Wani an rubuta shi a lakwal da sunan garinsu, wani da sunan ubangidan da ya kai shi. Kowa ya san yadda wasu sarakuna da masu gari, da aka ce su kawo ƴaƴansu lakwal, suka ɓoye nasu suka tura ƴaƴan barorinsu. Yaron da aka tura ya zama mushe ko akawu, takarda ta riƙe shi da sunan da ba na mahaifinsa ba, jikokinsa kuma yau suna iya karanta takardar su ɗauka jinin sarauta ne su. Shekarar haihuwa ma haka. Akawu ya dubi tsawon yaro ya rubuta né vers 1932, wato an haife shi wajejen 1932, kuma wannan wajejen yana iya haɗiye shekara biyar. Kalmar dit da ke biyo bayan suna ita ce abokiyar mai bincike, domin laƙabi take gabatarwa, shi kuwa laƙabi shi ne sunan da gida ya sani.

Mutanen Tibiri suna da tarko nasu na daban. Tibiri biyu ce a Nijar: ta Gobir, nan kusa da Maraɗi, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da wata a jihar Doso, wajen Dogon Dutsi. Takardar hukuma ba kullum take bambancewa ba. Wanda ya ga an naɗa wane ko an mayar da wane Tibiri, ya duba sunan serkal ko gundumar da aka ambata tare, kada ya je ya ɗauko kakan wani ya kawo gida.

Duk wannan kuskuren alƙalami ne, haƙuri yana gyara shi. Wanda ya fi shi nauyi shi ne na bakin mai magana. Daga 1960 har zuwa 1990 jaridun da ke ba da labarin siyasar ƙasar nan na masu mulki ne, na jam'iyya ɗaya tukuna, sa'an nan na soja. A ɗauki zancen Sawaba. Jam'iyyar Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959. A ƙarshen 1964 mayaƙanta suka shigo ta kan iyakoki, a watan Afrilu na 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi. Abin da ya biyo baya kame ne mai yawa: an kashe wasu, wasu sun mutu a tsare, wasu sun gudu ba su dawo ba. Ƙasar Maraɗi tana cikin wuraren da Sawaba ta yi ƙarfi, tsakanin ƴan kasuwa ƙanana da direbobi da masu sana'a, saboda haka gidaje da yawa a nan suna da wani kawu ko baba wanda aka ce ya tafi Gana ko ya tafi kudu, aka yi shiru. Jikan da ya buɗe jaridar gwamnati ta waɗannan shekaru yana iya cin karo da sunan, kuma ba da kalmar girmamawa zai same shi ba. Abin da takardar ta tabbatar shi ne an kama mutumin, a wane wata, wataƙila a wane gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ya shekara sittin bai san ko da wannan ba. Amma siffar da aka yi masa ta wanda ya kama shi ce. Klaas van Walraven, wanda littafinsa a kan Sawaba ya fito a 2013, sai da ya haɗa takardun hukuma da hirar tsofaffin ƴan jam'iyyar kafin labarin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma gida ma ba shi da wata hanya sai wannan.

Kada kuma a ɗauka cewa da jaridu masu zaman kansu suka zo matsalar ta ƙare. Haske ta Ibrahim Cheick Diop ta fito a 1990, Le Républicain ta Mamane Abou a 1991, Anfani da Le Démocrate da sauransu suka biyo. Sun yi aikin da ba za a manta ba: su ne suka kwance bakin mutane, kuma a lokacin Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, sun buga abubuwan da shekara guda kafin nan ba mai iya faɗinsu ko a zaure. Amma zamani ne na zargi. An ambaci ma'aikata da ƴan kasuwa da suna, an ce sun ci kuɗi ko sun ci amana, wasu da hujja, wasu da jita-jitar da abokin gaba ya kai ofishin jarida. Zargin yakan hau shafin farko da manyan haruffa, wankewar kuwa, in ta zo, layi uku ce a shafi na bakwai bayan wata biyu. Wanda ya ga sunan mahaifinsa cikin irin wannan labari, wajibi ne ya karanta lambobin da suka biyo baya, ya kuma nemi abin da jaridar ɗaya ɓangaren ta ce a makon.

Akwai kuma waɗanda babu bakin da ya ambace su, na gwamnati ko na adawa, su ne kuwa mafi yawa. Manomin Jiratawa yana cikinsu. Da aka gyara fadamar garin aka yi aikin noman rani, irin labarin da jaridar gwamnati takan kawo shi ne ziyarar minista da yawan hekta da sunan masu ba da kuɗi. Gonar wa ce a wurin kafin a ja magudanar ruwa, wa aka ba kashi bayan an gama, wannan sai a littattafan ƙungiyar manoma da na ONAHA, da bakin dattawan gari. Amfanin jarida a nan shi ne ta ba da shekara da wata, don mutum ya san littafin da zai ce a buɗe masa. Mata kuwa sun fi kowa ɓacewa. Innar Gobir a Tibiri da Iyar Maraɗi sarauta ce mai nauyi tun kafin Nasara, amma ko su ba safai takarda ke kula da su ba, balle matar da ta yi shekara arba'in tana fitar da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta aurar da ƴaƴa takwas. Rabin asalin kowane mutum ta wajen uwa yake, kuma wannan rabin kusan duka a baki yake.

Don haka tafiyar daga gida take farawa. Tsohuwa ba ta san 1914 ba, amma ta san an haifi uwarta shekarar Kakalaba. Ba za ta ce 1945 ba, za ta ce shekarar da gari ya hau tudu. Ba za ta ce 1984 ba, za ta ce El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Za ta ce zamanin Sarki Buzu a Maraɗi, ko zamanin Agada Nagogo a Tibiri. Waɗannan su ne turakun da ake ɗaure bincike a kansu. Wanda ya tafi ma'ajiya da suna kawai zai yi wata yana juya shafi a banza. Wanda ya tafi da suna da laƙabi da sana'a da sunan uba da turke ɗaya na shekara, kwana uku sun ishe shi ya san ko akwai abin samu ko babu. Kuma in an samo, a dawo da shi a karanta wa tsohuwar tun tana da rai, domin sau da yawa layi ɗaya na takarda yakan tuno mata da abin da ba a taɓa tambayarta ba.

Wuraren nema ba ɓoyayyu ba ne. A Yamai akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Takardun gwamna janar na zamanin mallaka suna Dakar, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Wanda ba shi da kuɗin mota yana iya farawa da wayar hannunsa: babban ɗakin karatu na Faransa ya zuba tsofaffin jaridu masu yawa a shafinsa na intanet mai suna Gallica, kyauta, cikinsu har da Paris-Dakar, wadda ta fito daga 1933 zuwa 1961 tana kawo labaran yankin duka. Ana rubuta suna na'ura ta nemo. Sai dai na'urar tana tuntuɓe a kan tsohon bugu da tawadar da ta dushe, saboda haka rashin samun suna ba ya nufin babu shi. A gwada kowane irin rubutu, a gwada sunan gari maimakon na mutum. Duk abin da aka samu a ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, a rubuta sunan jarida da lambarta da kwanan wata da shafi. Guntun takarda da aka yanke babu kwanan wata ba ya da daraja gaban alƙali, ko gaban ɗan uwa mai gardama. Ko da cikakke ne ma, a san bambanci: abin da ya fito a jaridar hukuma hukunci ne na gwamnati, abin da ɗan jarida ya rubuta kuwa labari ne, ba ya zama takardar mallakar fili.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili, tun da zauren nan cike yake da masu siyasa da masu neman sarauta. Mai tono ba ya zaɓen abin da zai tono. Yana neman lambar girma sai ya iske hukuncin kora. Yana neman sarauta sai ya iske bauta, a gidansu ko a gidan maƙwabci. Abin da mutum ya samu game da nasa gidan, shi da danginsa za su san yadda za su yi da shi. Abin da ya tsinta game da gidan wani, ya ɗauka ya kai dandalin kamfe ko ya watsa ta WhatsApp, wannan ba bincike ba ne, kuma ma'ajiyar da ya shiga a buɗe take ga wanda ya ci wa mutunci.

Saura ma'ajiyar da ta fi kusa, wadda ta fi kowace shiga haɗari. Tsofaffin ma'aikata da yawa a Maraɗi da Tibiri sun tara jaridu cikin adaka: lambar da sunansu ya fito ranar da suka ci jarrabawa, ta ranar naɗi, ta auren ƴa, da Haske da Anfani na shekarun Taron Ƙasa, wani lokaci har da Ganga da sauran jaridun yaƙi da jahilci da aka buga da harsunan ƙasa, waɗanda ko a Yamai samun cikakken jerinsu aiki ne. Ranar rabon gado ana ƙirga gida da gona da shanu da tufafi, ba mai ƙirga adakar takardu. Wadda gara ta bari, yara sukan kai wa mai tsire da mai ƙosai a kan dala kaɗan. Cikin magada a sami mutum ɗaya da zai ce a ba shi ita cikin rabonsa, ya ɗauke ta daga ƙasa ya ɗora bisa tebur nesa da bango, ya ɗauki hoton kowane shafi mai sunan ɗan gidan, ya aika wa dangin da ke Yamai da Kano.